Kafin a Kai Ta Ɗakin Miji: Lacca ga Iyaye a Yasore a Kan Allurar Sankarar Bakin Mahaifa

 

Ranka ya daɗe Mai Gari, Allah ya gafarta Malam Liman da sauran malamanmu, masu unguwanni, iyayena maza, iyayena mata, da 'yan'uwa da suka taso daga ƙauyukan Batsari da na Safana. Ina yi mana jajen abin da ya same mu a 'yan shekarun nan. Waɗanda muka rasa, Allah ya jiƙansu. Waɗanda gudun hijira ya watsa zuwa Batsari da Katsina da Maraɗi, Allah ya maido su gidajensu lafiya.

Zan fara da neman gafara. Maganar da ta tara mu ta shafi mahaifa, ta shafi shimfiɗar aure, mu kuwa Katsinawa har kirari ake yi mana da kunya. Ba tarbiyyarmu ba ce ɗa ya miƙe gaban iyayensa yana irin wannan zance. Amma malamanmu na zama a zaure su karantar da babin haila da na janaba, ga tsoho ga yaro, ba a taɓa cewa sun yi rashin kunya ba, domin salla ba ta inganta sai da saninsu. A inuwarsu zan fake.

Ciwon da zan yi magana a kai da yawanmu mun gan shi, sunansa ne kawai ba mu sani ba. Mace ce ta ba arba'in baya, ko ta kai hamsin. Ta haifi takwas ko goma, ta fara ganin jikoki, wata ma al'ada ta ɗauke mata. Sai jini ya dawo ba a kan lokaci ba, kaɗan-kaɗan, galibi bayan ta sadu da maigidanta. Ta yi shiru. Can sai wani ruwa ya biyo baya, mai ƙarni, har ta daina shiga cikin mata a gidan suna, ta koma gefe tana turara zani. Kishiya ta fara toshe hanci, maigida ya fara tsallake kwananta. A ce sanyi ne, a jiƙa saiwa. A ce basir ne. A ce jifa ce, ko gamo ta yi, a nufi wajen mai magani. Akuya ta tafi, tunkiya ta bi ta. Sai ranar da ciwon ƙugu ya hana ta barci, ƙafa ta kumbura, sannan a nemo mota a kai ta Batsari, daga Batsari a tura ta Katsina, wata ma a ce sai asibitin Shika ko na Sakkwato. A can likita zai duba, ya ja babban ɗanta gefe, ya ce masa an makara.

Wannan ita ce sankarar bakin mahaifa, wasu su ce ciwon daji, wasu su ce kansa. Duk mai shiga Katsina ta wannan hanya tamu yana wuce Babbar Ruga, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke mata masu yoyon fitsari tun 1984. Yoyon da doguwar naƙuda ta jawo ana ɗinke shi, mace ta koma ɗakinta. Sankara ma in ta yi nisa takan huda mafitsara ta kawo yoyo, sai dai nata zare da allura ba sa kama shi, domin naman wurin ya riga ya lalace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya, wajen 8,000 suka rasu. In ka raba da kwanakin shekara, mace 22 ke nan kowace rana. Wannan ma ƙiyasi ne, domin matar da ta cika a ɗakinta aka kai ta makwancinta kafin azahar, ba wanda ya rubuta sunan ciwonta a littafi. Bayan sankarar mama, ita ce ta fi kama matanmu. A duniya baki ɗaya, a 2022, ta kashe mata wajen 350,000, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan daga ƙasashe irin tamu suke.

Abin da ya raba ta da sauran sankarori shi ne an san mafarinta. Tun 1842 wani likita a birnin Berona na ƙasar Italiya, mai suna Rigoni-Stern, ya zauna ya bi littattafan mace-mace na garin, ya lura cewa sankarar mahaifa ba kasafai take kama matan coci waɗanda suka haramta wa kansu aure ba, ta fi yawa ga matan aure da zawarawa. Aka shekara ɗari da arba'in ana laluben dalili, har wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya zaƙulo ƙwayar cutar daga cikin naman sankarar a 1983 da 1984, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Ƙwayar ita ce ake kira HPV. Tana da dangi fiye da 200, yawancinsu ba sa wuce kawo ɗan tsiro a fata. Kaɗan ne miyagu, kuma biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke da alhakin wajen kashi 70 cikin 100 na wannan sankara.

Ƙwayar tana wucewa daga jiki zuwa jiki a wajen saduwa. Tana da yawa ƙwarai, har ana cewa kusan duk wanda ya yi zaman aure ya taɓa ɗaukarta bai sani ba. Cikin mutum goma, tara jikinsu kan kore ta da kansa a cikin shekara biyu. A jikin ta goman ne take lafewa a bakin mahaifa, babu zafi babu ƙaiƙayi, tana sauya naman wurin a hankali, bayan shekara 15 ko 20 tana iya fitowa da fuskarta. Mace mai ɗauke da ƙanjamau haɗarinta ya ninka na sauran sau shida. Wato matar nan da na siffanta muku, mai jikoki, ba mamaki tun tana amarya abin ya shige ta.

To ga inda nake roƙon iyayena maza su ara mini kunnuwansu. Da zarar an ce ta hanyar saduwa ake ɗauka, abin da ke fara faɗo wa uba shi ne: “Ni ɗiyata ba 'yar iska ba ce.” Ana faɗar wannan a zaure, ana faɗa a bakin asibiti. In aka zo da allurar rigakafinta, wani ya ce, “Ku kai wa 'yan matan birni, namu a killace suke.” Na yarda ɗiyarka a killace take, kuma ban zo tuhumar tarbiyyar kowa ba. Amma ai aurar da ita za ka yi. To mu dubi yadda aure yake a wurinmu. Mutum ya auri bazawara. Ita ta fito daga gidan wani mai mata uku, ɗaya daga cikin ukun kuma ta taɓa zama a wani gari. Duk aure ne na sunna: an ba da sadaki, an shafa fatiha, shaidu sun shaida. Babu wanda ya saɓa wa Allah a cikin labarin nan. Amma ƙwayar ba ta san an ɗaura aure ba. In ta shigo ta kan mutum ɗaya, tana iya zagaya ɗakunan gidan duka. Ranar da aka saki ɗaya, ta gama idda ta yi wani auren, tana iya tafiya da ita, domin kwanakin idda ba lalle su ishi jiki ya kore ta ba. Sai a kawo ɗiyarka, budurwa, wadda ko zance ba ta taɓa fita sai da ƙanenta a gefe, a sa ta a ɗaki na uku.

Kada wani ya fita daga nan ya ce likita ya hana ƙarin aure ko auren zawarawa. Ban isa ba, kuma ba shi ne maganin ba, domin ƙasashen da ake auren mace ɗaya ma cike suke da wannan ƙwaya. Abin da nake cewa shi ne kamun kan yarinya ita kaɗai ba ya kare ta, domin ba ita kaɗai ce a cikin auren ba. Namiji ke kai mata, kuma shi galibi ba ya ganin komai a jikinsa. Ango zai zo da ƙoshin lafiyarsa, ga addini ga sana'a, shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba. Gwajin da ake yi kafin aure, na ƙanjamau da sikila da ciwon hanta, ba ya nuna ta. Kana iya binciken asalin manemin ɗiyarka har kaka da kakanni, wannan kam ba za ka gano ba. Balle kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, cikin samarinmu masu tafiya cin rani Ikko da Habuja, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci, wanda mu mutanen bakin dajin Rugu ba ma buƙatar a fassara mana. Mun san abin da ya faru da matanmu da ɗiyanmu a hannun mutanen daji, a gona, a hanyar itace, har a cikin gida. Waɗannan yara ba su da laifin komai. Uban da ke zaune a wannan yanki ya fi kowa sanin cewa akwai abin da katangar gidansa ba ta tarewa. Ba zan ƙara a kan haka ba.

Shi ya sa ake yi wa yara mata allurar rigakafin wannan ƙwaya tsakanin shekara 9 zuwa 14. Uwa takan ce, “Wannan 'yar mitsitsiyar, ko ƙirgar dangi ba ta fara ba, ina ita ina ciwon mahaifa?” Ai nan ne gaɓar. Allurar tana hana ƙwayar shiga ne, ba ta fitar da wadda ta riga ta shiga, don haka sai an riga ta isa. Tun ran gini ran zane. Sannan jikin yaro a waɗannan shekaru ya fi na babba karɓar rigakafi. A Turai, yarinyar da ta kuskure a 14 tana da sauran shekaru a gaba. Mu kuwa mun san shekarun da muke aurar da ɗiyanmu, sau da yawa tazarar da ke tsakanin allo da lalle ba ta wuce damina biyu ba. Ƙuruciyar amarya da yawan haihuwa kuma suna cikin abubuwan da likitoci suka tabbatar suna ƙara haɗarin wannan ciwo. Ɗiyar Yasore ta fi ɗiyar Landan buƙatar allurar nan, kuma lokacinta ya fi ƙuracewa.

Mene ne a cikin kwalbar? Haƙƙinku ne ku tambaya. A 1991 wasu masana biyu a Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostireliya, Ian Frazer da Jian Zhou, suka gano yadda za a ƙera ɓawon ƙwayar kawai, babu ƙwayar a ciki. Allurar da ake yi wa yara a Najeriya, mai suna Gardasil, ana haɗa ɓawon nata ne a cikin yis, dangin wanda masu gidan burodi ke kwaɓa fulawa da shi. Ɓawon ba ya da rai, ba ya hayayyafa, ba ya sa ciwo. Aikinsa kamar a nuna wa 'yan sintiri kamannin ɓarawo ne tun bai shigo gari ba, ranar da ya zo ba sai an yi tambaya ba. Allurar tana kare mutum daga iri huɗu: 16 da 18 masu kawo sankara, da 6 da 11 masu kawo tsiro a al'aura. Babu sinadarin tsarin iyali a cikinta, babu wani abu na alade.

An fara amfani da ita a Amurka a 2006, Ostireliya ta fara yi wa 'yan makaranta a 2007. Tun da ciwon mai jinkiri ne, sai da aka jira yaran suka girma kafin a ga sakamako, kuma yanzu an gani. A ƙasar Suwidin an bi mata wajen miliyan 1.7 daga 2006 zuwa 2017, aka tarar waɗanda aka yi wa allurar kafin shekara 17, sankarar ta ragu a cikinsu da kashi 88 cikin 100. A Sikotilan, binciken da aka fitar a 2024 bai sami ko mace ɗaya da ta kamu ba cikin waɗanda aka yi wa suna 12 ko 13. Da can sau uku ake yi, aka koma biyu. Bayan wani bincike a Kenya ya nuna cewa guda ɗaya ma tana ba da kariya fiye da kashi 95 cikin 100 daga miyagun nan biyu, masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da guda ɗaya a 2022. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum ranar 24 ga Oktoba 2023, lokacin Farfesa Muhammad Ali Pate na ministan lafiya. Aka fara da jihohi 15 da Habuja, cikinsu har da Kano da Jigawa da Bauci da Kabi. Ranar 27 ga Mayu 2024 aka shiga sauran 21, har da Katsina da Kaduna da Sakkwato da Zamfara. Kafin shekarar ta ƙare an yi wa yara mata fiye da miliyan 12.

Yanzu mu zo kan abin da ke cikin zukata, wanda ba a faɗa wa ma'aikaciya a fuska, sai dai a ce mata, “Maigidan ba ya nan.”

Wanda ke ɗari-ɗari da allura a ƙasar Hausa ba jahili ba ne, yana da tarihi a hannunsa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, da kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi, kuma ban ga laifinsa ba. Amma a duba bambancin. Trovan magani ne da ake kan gwadawa, aka zo da shi wurinmu. Wannan kuwa masu ita sun shekara 17 suna yi wa ɗiyansu kafin ta iso mana. An rarraba fiye da miliyan 500 a duniya, ƙasashe fiye da 140 na yi wa yaransu. In akwai ƙorafin da ya kamata mu yi, shi ne na jinkirin da aka yi mana.

Mun kuma taɓa gwada ƙin karɓa, mun ga inda ya kai mu. A 2003 maganar cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa ta yi ƙarfi, Dakta Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'a ya tsaya a kai, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin a Kano har zuwa Yulin 2004, lokacin da aka kawo wanda aka yi a Indunusiya, ƙasar Musulmi. Niyyarsu kare al'umma ce, ba na shakka. Amma a wannan tsakanin cutar ta tsallaka ƙasashe wajen 20, har ta kai Indunusiyar kanta a 2005, kuma a 2006 yara fiye da 1,100 ta shanye wa ƙafafu a Najeriya. Suna nan, sun zama magidanta, muna ganinsu a kan kekunan guragu. Sai da sarakunanmu suka shigo a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka riƙa ɗiga wa nasu 'ya'yan a bainar jama'a, sannan aka ci ƙarfinta, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ranar 25 ga Agusta 2020.

To ina maganar hana haihuwar ta kwana? Ba sai na kawo muku binciken Turawa ba. Yaran da aka ɗiga wa maganin nan a 2004 da 2005, su ne matan da ke zaune can baya da goyo, wata ga na baya ga na ciki. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna macen Jihar Katsina na haihuwar 7.3 a matsakaici, babu jihar da ta kai mu a lokacin. In da ɗigon nan na kashe mahaifa ne, da makarantun allonmu sun zama kufai. Yau ga shi an ɗauko tsohuwar maganar an jingina wa sabuwar allura, ana yawo da murya a WhatsApp, ba a san mai ita ba, ba a san garinsu ba. Kwamitin da ke bin diddigin lafiyar rigakafi a Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba batun haihuwa musamman, bai sami alaƙa ba. Ruwanda ta fara yi tun 2011, ta yi wa fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan matanta, kuma suna nan suna haihuwa. Abin da na tabbata yana raba mace da mahaifarta shi ne sankarar kanta, domin in an ci sa'a an kama ta da wuri, sau da yawa cire mahaifar ake yi.

Akwai tambayar da ta fi ƙarfi, kuma ina girmama mai yinta: “Zazzaɓi na kashe mana yara, asibiti babu ko farasitamol, ɓarayi sun hana mu noma ba a kawo mana ɗauki ba, sai wannan ce za a biyo mu da ita har gida kyauta?” Rabin maganar nan gaskiya ce tsagwaronta. An gaza mana a tsaro, an gaza mana a magani, kuma ku ci gaba da faɗa wa duk wanda ya zo neman ƙuri'a. Amma allurar ba kyauta ba ce, wani ne ya biya. Akwai asusun rigakafi na duniya mai suna Gavi, da aka kafa a 2000, wanda ke saye da yawa a kan rahusa. A 2013 ya sami kowace allura a kan dala 4.5, alhali a Amurka ta haura dala 100. Gwamnatin Najeriya ma na zuba nata kason. Kafin 2023 allurar nan tana nan a asibitocin kuɗi na Ikko da Habuja, masu hali na saya wa ɗiyansu a kan dubban nairori, shiru, ba wanda ya tura musu murya. In muka ƙi karɓa don haushin gwamnati, ba gwamna ne zai kwanta a Shika ba.

Masu cewa don me mata kawai, amsar gajeriya ce: allurar ba ta wadata ba, kuma mace ce ke mutuwa, sai aka fara da ita. Inda ta wadata ana yi wa maza, Ostireliya tun 2013, Ingila tun 2019, domin ƙwayar na kawo wa namiji sankarar maƙogwaro da ta gaba da ta dubura. Masu cewa abin Nasara ne kuma, Abu Dabi ta fara a 2008, Maleshiya a 2010, Sanagal a 2018, Saudiyya ma na yi wa 'yan matanta. Kuma cikin masu jan ragamar yaƙi da sankara a duniya yau akwai ɗiyarmu, Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, wadda aka zaɓa a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, 'yar Afirka ta farko da ta kai nan.

Batun ƙaddara ba fagena ba ne, ga masu shi nan zaune. Su za su ba ku labarin Sayyidina Umar, da ya kama hanyar Sham ya ji annoba ta sauka can, ya juya da jama'arsa, da yadda ya nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma a cikin ƙaddara take. Ni abin da zan ƙara shi ne rigakafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Makiyayan Afirka ta Yamma, da Fulani a cikinsu, sun daɗe suna yankar ɗan huhun saniyar da ciwon huhu ya kashe, su tsaga karan hancin mai lafiya su cusa, don kada ta kamu. Turawa sun tarar ana yi ne, suka rubuta. Dattawan da ke nan kuma, in suka naɗe hannun riga za ku ga tabon lamba. Saboda wannan tabon ne jikokinsu ba su san agana ba sai a labari, tun da aka ayyana ƙarewarta a duniya a 1980.

Kada in yi muku alkawarin da ya wuce gaskiya. Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma ba duk miyagun dangin ƙwayar take tarewa ba. Don haka iyayena mata, ku naku rabon shi ne awo. Daga shekara 30, mace ta je a duba bakin mahaifarta ko da ba ta jin komai. Ma'aikaciya mace ke yi, ba ya ɗaukar lokaci, kuma in an ga wurin ya fara sauyawa ana ƙone shi ko a daskarar da shi tun bai zama sankara ba. Duk wadda ta ga jini bayan saduwa, ko jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, kada ta jira a gama girbi.

A nan ina da roƙo na musamman ga malamai, Allah ya gafarta muku. Macen da jini ya rikice mata, ba likita take fara nema ba, ku take nema. Za ta aiko yaro, ko ta bi ta wajen matar malam: jini ya wuce kwana goma sha biyar, ko ya dawo bayan shekaru, shin ta yi salla ko ta bari? Ku ba ta amsa daidai yadda yake a Ahalari da Risala, istihala ce, ta yi tsarki ta yi sallarta. Roƙona shi ne ku ɗora da kalma ɗaya: “Kuma a kai ki asibiti a duba.” Ku kuke jin labarin nan wata shida, wani lokacin shekara guda, kafin ya iso gare mu, kuma a wannan ciwo wata shida na iya raba wadda za a yi wa aiki ta tashi da wadda za a ce a mai da ita gida.

Saura yadda za a yi. A ƙasashe da yawa makaranta ake bi a yi wa yara. A nan, in aka tsaya ga makarantar boko, an bar mafi yawan ɗiyanmu: wata na talla, wata na Islamiyya kawai, wata makarantar ƙauyensu ta rufe tun da aka fara tashin hankali, wata na zaman hijira gidan dangi. Ranka ya daɗe, ku da masu unguwanni kun san kowane gida. A bi a san yara mata nawa ne suka cika tara, su wane ne aka tsallake a 2024 waɗanda ba su wuce 14 ba, a haɗa da na rugage da na baƙin da suka sauka gare mu, a miƙa wa mai kula da asibitin yankin. Yanzu allurar na cikin rigakafin yau da kullum na 'yan shekara tara, ba sai an jira gangami ba.

Ku kuma magidanta, uwa ba ta iya miƙa hannun yarinya sai da izininku, ko da ta gamsu. Kada ku bar ta da “sai na tambayi maigida”. In za ka fita gona ko kasuwa, ko za ka tafi cin rani, ka bar sallahu a gida cewa in masu allura sun zo a yi wa wance. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya raka ɗiyarsa da kansa, ya ce a nuna masa kwalbar. Ana ajiye ta a sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kuma a jikinta akwai 'yar alama mai sauya launi in zafi ya lalata maganin, ma'aikacin zai nuna maka. Sirinji sabo ake ɓarewa a gabanka. A dantse ake yi, sau ɗaya. Yarinya ta ci abinci kafin ta je, ta zauna minti 15 bayan an yi, domin wasu kan ji jiri don tsoron allura. Hannu zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wata ta ɗan yi zazzaɓi. In ya wuce haka a mai da ita asibiti. Katin da za a ba ta a adana shi, ranar da za a kai ta ɗaki a sa mata shi cikin kayanta.

Iyayena maza masu tambaya, bismilla, ga ni. Iyayena mata da ba za su iya ɗaga murya a cikin taro ba, ma'aikaciyar lafiya za ta zauna da ku a cikin gida bayan la'asar.